Muhawara: Shin banjon Amurka gurminmu ne?

Mazaunin Virginia: Assalamu alaikum, 'yan'uwa na wannan zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun daren Juma'a, na ga gara in kawo shi gabanku da in yi ta juya shi ni kaɗai. A ƙaramin garin da nake zaune, a kudu maso yammacin jihar Virginia, ana yin wasan kiɗa kowace Juma'a da yamma daga watan Yuni zuwa ƙarshen Agusta, a filin ciyawar da ke bayan ɗakin karatu na gari. Ba a sayar da tikiti. Kowa yakan zo da kujerarsa ta naɗewa, idan wasa ya yi nisa sai a zagaya da bokiti, mai hali ya jefa abin da ya sawwaƙa. Makaɗan ba sa jona kayansu da lantarki. Na wannan makon su biyar ne: mai jita, mai banjo (abin kiɗa mai tsirkiya da zagayayyen ƙoƙo rufe da fata), mai mandolin (ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya), mai gogen Turawa, da wata mata mai ƙaton gogen nan da ake kafa shi a ƙasa ana tsinkar tsirkiyarsa da yatsa. Makirufo ɗaya tak ne a gabansu, wanda layi ya zo kansa sai ya matso ya yi nasa ya ja da baya, ba tare da wuyan jitar wani ya bugi wani ba. Can gefe an shimfiɗa katako, tsofaffi 'yan shekara saba'in da ɗoriya suna taka rawa a kai, ƙarar takalmansu ce ta zama gangar wurin.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne jawabin mai gabatarwa. Ya ɗauki kusan minti goma yana cewa wannan kiɗa gadon kakanninsu ne da suka zo daga Scotland da Ireland suka zauna a duwatsun Appalachia, bai ambaci baƙar fata ko sau ɗaya ba, alhali banjon da ke rataye a wuyan makaɗin da ke tsaye bayansa gurminmu ne da ya ƙetare teku. Da aka tashi na je na same shi cikin ladabi, sai ya ce mini wurin nishaɗi ne, ba a kawo irin wannan zance. Tambayata ita ce: ya dace in rubuta wa kwamitin da ke shirya wasannin takarda, ko in yi shiru tunda ni baƙo ne a garin?

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kafin ka rubuta wa kowa takarda, ina roƙonka ka gyara kalma ɗaya a cikin zancenka, wato “gurminmu”. Babu jayayya cewa tushen banjo Afirka ne, domin Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, da kansa ya rubuta a shekarun 1780 cewa bayi ne suka zo da shi daga Afirka. Amma Afirka ba ƙasar Hausa kaɗai ba ce. Wani likita daga Birtaniya, Hans Sloane, ya ga bayi suna kaɗa irin wannan abu na duma da fata a Jamaika tun wajen 1687, a lokacin da ba a kai ga kwasar Hausawa da yawa a cinikin bayi na tekun Atlantika ba. Sawun Hausawa ya fi bayyana a Bahia ta ƙasar Brazil a farkon ƙarni na 19, inda suka shirya bore a 1807. Abin kiɗan da masu bincike suka fi dangantawa da banjo shi ne akontin na ƙabilar Jola da ke Gambiya da kudancin Senegal da Guinea-Bissau, saboda yana da gajeriyar tsirkiya a sama da ake bugawa da babban yatsa, daidai da yadda tsofaffin makaɗan banjo suke yi. Idan ka rubuta musu “namu” suka tambaye ka hujja, me za ka ce?

Ɗan Haɗeja: Malam, da girmamawa, ban yarda da wannan karatu naku ba. Duk wanda ya tashi yana jin gurmin marigayi Haruna Uji, idan ya ji banjo ba ya bukatar littafi kafin ya gane ɗan gida. Duma ne aka rufe da fata, aka zura sanda, aka ɗaura tsirkiya, mene ne ya rage? Na kalli bidiyon wani Bature yana riƙe da tsohon banjo na duma, wallahi da an rufe mini ido aka miƙo mini shi da na ce daga kasuwar Haɗeja aka saye shi. Matsalarmu ke nan, duk abin da aka ce na Bahaushe ne, ɗan boko Bahaushe ne zai fara tashi ya miƙa wa wata ƙabila.

Malamin Tarihi: Ban miƙa wa kowa komai ba. Kama da wane ba ta wane. Gurmi da akontin da molo da garaya dangin juna ne, kuma irinsu sun kai gommai daga gaɓar Senegal zuwa tafkin Chadi. Cewa banjo ɗan dangi ne gaskiya ne, cewa ɗan gurmi ne kai tsaye kuwa sai an kawo shaida. Zagin 'yan boko ba ya cikin shaida.

Direban Tirela a Ohio: Ni kuma ina ganin ku biyun duk kun tsallake masu abin. Shekarata goma sha ɗaya ina tuƙi a ƙasar nan, na ratsa Kentucky da Tennessee ba adadi, kuma na zauna da baƙaƙen Amurka na ji yadda irin wannan magana take yi musu ciwo. A gonakin bayi na yankin Karebiyan aka haifi banjo, bayin da aka tattaro daga ƙabilu daban-daban ne suka haɗa abin da suka tuna daga gida da abin da suka gani a jitar Turawa, wato shimfiɗaɗɗen wuya da 'yan maɗauran juya tsirkiya. Su suka riƙe shi fiye da shekara ɗari kafin wani Bature ɗan Virginia, Joel Sweeney, ya koya a wurinsu ya fita da shi dandali a shekarun 1830, yana shafa baƙi a fuska yana kwaikwayonsu. Bill Monroe, wanda ake kira uban bluegrass, wato irin kiɗan da ɗan'uwanmu na Virginia ya bayyana, ya faɗa da bakinsa cewa ya ƙaru ƙwarai da wani baƙar fata makaɗi mai suna Arnold Shultz. A. P. Carter, na shahararriyar ƙungiyar mawaƙa ta iyalin Carter, ya riƙa yawon tattara waƙoƙi a ƙauyuka tare da Lesley Riddle, shi ma baƙar fata, wanda yake riƙe karin waƙa a ka shi kuwa Carter yana rubuta baitoci. DeFord Bailey, mai busa hamonika, yana cikin taurarin farko na shirin kiɗan rediyo na Grand Ole Opry da aka fara a Nashville a 1925, aka sallame shi a 1941. Waɗannan ne aka shafe sunayensu. Mu da muka sauka daga jirgin sama jiya da biza a hannu, da wane baki za mu ce “namu”?

Ɗan Haɗeja: To, su kakannin nasu daga ina aka kwashe su? Daga sama suka faɗo? Ƙanena, zaman Amurka ya sa ka fara jin kunyar asalinka.

Direban Tirela a Ohio: Yaya, ba na jin kunyar asalina, kuma ban taɓa ɓoye shi ba. Abin da nake jin kunya shi ne cin gadon maraya, mutanen da aka raba su da harshensu da sunansu, abin da suka ƙera da hannunsu cikin wahala kuma mu zo mu ce mu ma da rabonmu.

Hajiya daga Damagaram: Ni abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda kalmar “namu” ta yi daɗi a bakinku yau. Ku gaya mini gaskiya, a cikinku wa zai ba mai gurmi 'yarsa? A garuruwanmu makaɗi maroƙi ne, ana kiransa ranar biki, a yi masa liƙi, idan an watse kuma a ce ba sa'an aure ba ne. Na san gidan da kakansu gwanin garaya ne, jikokin suna ɓoye zancen kamar wani abin fallasa, garayar ma an bar ta a zaure har gara ta cinye. Mai wannan rubutu ya ce a can tsofaffi suna ɗauko kujerunsu su zo su zauna su saurara, kuma na san akwai wani wuri a Hiltons cikin jihar Virginia da iyalin Carter suka buɗe tun 1974, ana kiɗa a cikinsa daren Asabar. A wane gari namu ne ake da dandalin da mai gurmi zai zauna a saurare shi kowane mako don kiɗansa kawai, ba don ya wasa mai kuɗi ba? Sai da Bature ya rataya abin a wuya muka tuna cewa namu ne.

Dattijo daga Kaduna: Hajiya, kin yi mana kuɗin goro, kuma ban ji daɗinsa ba. Ba dukanmu ne muka raina makaɗa ba. Mun girmama Shata har ya koma ga Allah a 1999, jami'a ma ta ba shi digirin girmamawa. Kuma wannan kiɗa na kantiri, wato kiɗan karkarar Amurka, da ake magana ba baƙo ba ne a wurinmu. A zamaninmu da wuya ka shiga gidan ma'aikaci ba ka tarar da faifan Jim Reeves ba, daga baya kaset ɗin Don Williams ya cika motocin haya. Ina ganin kunnenmu ya karɓe shi ne domin ya ji jininsa a ciki.

Malamin Tarihi: Baba, ku gafarce ni, Jim Reeves da Don Williams kiɗan ɗakin ɗaukar sauti na Nashville suka yi, mai taushi, kuma banjo ba shi ne ginshiƙinsa ba. Bluegrass wani reshe ne daban, kuma ba ma tsoho ba ne yadda mai gabatarwar can ya nuna: Monroe ya shiga Opry da ƙungiyarsa a 1939, salon bai zauna da gindinsa ba sai da makaɗin banjo Earl Scruggs ya shigo da kaɗin yatsa uku a ƙarshen 1945.

Dattijo daga Kaduna: Malam, ina sauraron wannan kiɗa tun ba a haife ka ba, ba kai za ka rarrabe mini rassansa ba.

Ɗan Jos: Tunda ana rabon gado, ni ban ga dalilin da za a ce gurmi ba a ce kuntigi ba. Duk ƙasar Hausa babu mai kiɗan tsirkiya da sunansa ya kai na marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Shi kaɗai yake tsayawa da tsirkiya ɗaya ya yi wa karen mota da talaka waƙa, kuma abin da mawaƙan kantiri suke yi ke nan, waƙar direba da manomi da mai haƙar kwal.

Ɗan Haɗeja: Kuntigi tsirkiyarsa ɗaya, kuma da gwangwani ake yinsa, ina ya haɗu da banjo mai tsirkiya biyar? Kada son gari ya sa ka faɗi abin da za a yi mana dariya.

Ɗan Jos: Gurmin ma ai bai kai biyar ba. Idan ƙidayar tsirkiya ce hujja, kai ma ka faɗi, kuma ba ni na fara kawo son gari cikin zancen nan ba.

Hajiya daga Damagaram: Har yanzu dai babu wanda ya amsa mini maganar aure.

Mazaunin Virginia: 'Yan'uwa, na janye kalmar “gurminmu” idan ita ce matsala, domin ba a kanta na zo ba. Tambayata tana nan: in rubuta wa kwamitin ko kada in rubuta? Saura wasa uku a rufe na bana.

Ɗan Haɗeja: Kada ka janye komai. Idan ka janye, ka ba su gari.

Shugaban Zaure: Jama'a, dare ya yi, zan rufe wannan zance da taƙaita abin da aka tattauna. An yi ittifaƙi cewa banjo daga Afirka ya fito, kuma mafi yawan waɗanda suka yi magana sun nuna cewa kamanninsa da gurmi ba abin musu ba ne, kamar yadda ɗan'uwanmu na Haɗeja ya yi bayani gamsasshe. Ni kaina na tashi a gidan da ba a rabuwa da kaset ɗin Haruna Uji, kuma kunnena ya ba ni abin da ya ba shi. Malamin Tarihi ya kawo shekaru da sunayen Turawa, mun gode, sai dai ya kamata a tuna cewa waɗanda suka rubuta tarihin nan ba su zo Haɗeja sun tambaya ba, kuma yadda ya amsa wa Baba na Kaduna bai yi kama da tarbiyyar wannan zaure ba. Maganar ɗan'uwanmu na Ohio tana da tausayi, amma ta yi nisa da batu. Zancen aure da Hajiya ta kawo da na kuntigi a ajiye su zuwa wani lokaci. Shi kuma mai rubutu, ra'ayin zaure shi ne ya bar kalmarsa yadda take.

Mazaunin Virginia: Ranka ya daɗe, na ji, amma ba haka na fahimci zancen ba. Zan rubuta takardar gobe da safe, sunayen Shultz da Riddle da Bailey zan sa a ciki, in roƙi a ambace su kafin a fara kiɗa ranar Juma'a mai zuwa.