Juma'a da Asabar a Alƙahira: yawon buɗe ido ko cin amana?

Baba Injiniya: Assalamu alaikum. Na ga hotunan da aka zuba daga Giza, wasu a kan raƙumi, wasu sun ɗaga hannu wai sun riƙe tsinin dala. Zan faɗi abin da ke raina ko da ba zai yi daɗi ba. Horon aiki aka turo mu Masar. Kuɗin jirgi da masauki da guzuri duk daga baitulmali suka fito. Wanda ya ƙarar da Juma'a da Asabar yana gantali, ya shigo asibiti ranar Lahadi yana hamma, a wurina ya ci amana.

Anti Nas: Wa alaikumus salam, Baba. Cin amana kuma? Ai takardar da muka sa wa hannu Lahadi zuwa Alhamis ta ce. Su kansu masu koya mana aikin, Juma'a da Asabar suna gida da iyalansu. In na kulle kaina a ɗaki, wa zai koya min?

Baba Injiniya: Littafi zai koya miki, 'yata. Ni littafin na'urar wankin ƙoda nake bi shafi-shafi ranar Asabar. Idan muka koma gida ta lalace, ba wanda zai tambaye ni tsawon dalar Giza.

Likita Ƙarami: Ni ina tare da Baba a rabi. Yawo iri-iri ne. Waɗanda suka tafi Luksor fa? Fiye da kilomita 600 ne daga nan, jirgin ƙasa na dare yana cin kusan awa goma. Sun tashi daren Alhamis, suka dawo da asubar Lahadi, daga tasha sai ɗakin tiyata. Da idona na ga ɗaya ya jingina da bango yana gyangyaɗi, malamin yana magana. Ba shi kaɗai ya ji kunyar ba, dukkanmu aka kalla.

Anti Nas: To wannan rashin lissafi ne na mutum ɗaya, Dakta, kada a shafa wa kowa. Iskandariya awa uku ce ko ƙasa da haka a jirgin ƙasa daga tashar Ramsis ta nan Alƙahira. Ka fita da safe, ka ga teku da ganuwar Ƙaitbay, ka ci kifi, ka dawo ka kwana a gadonka.

Na Maraɗi: Ku ƙyale zancen barci, ku zo kan aljihu. Tikitin baƙo daban, na ɗan ƙasa daban, kuma tazarar ba kaɗan ba ce. Mai katin ɗalibi yana samun rangwame, mu kuwa ma'aikata ne. Ga masu raƙuman nan: na yi ciniki da wani kafin in hau, da muka yi nisa cikin rairayi ya ce wancan kuɗin hawa ne, na sauka daban. Raƙumi a tsaye, ni a sama, me zan ce? Na biya.

Ɗan Katsina: Ɗan Nijar guda raƙumi ya yi wa haka? Kada a ji wannan labari a Maraɗi.

Na Maraɗi: Namu raƙuman ba su da wakili a ƙasa, abokina.

Malam na Lab: Ni abin da ke damuna ba kuɗi ba ne. Ya tabbata a hadisi cewa a hanyar Tabuka, da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zo wucewa ta Hijir, garin Samudawa, ya hana sahabbai shiga gidajen waɗanda aka halakar sai dai suna masu kuka, kuma ya ƙara sauri ya wuce. Mu kuma mun je wurin Fir'auna muna dariya muna ɗaukar hoto.

Ɗan Katsina: Allah ya gafarta Malam, a nan akwai gyara. Babbar dalar ta wani sarki ce mai suna Khufu, an gina ta kimanin shekara 4,500 da suka wuce. Ramsis na Biyu, wanda mutane da yawa ke cewa shi ne Fir'aunan Annabi Musa, ya zo bayan Khufu da fiye da shekara 1,200, kuma ba a Giza aka binne shi ba. Giza makabartar sarakuna ce, ba garin da azaba ta sauka ba. Sannan ayoyi nawa ne suka ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba ƙarshen waɗanda suka gabata?

Malam na Lab: A duba don a wa'aztu. Ka gaya min tsakani da Allah, wa'azi ne ya kai ku?

Anti Nas: A Giza kam a'a, Malam, nishaɗi ne. Amma ka je gidan tarihin da ke unguwar Fustat a nan Alƙahira, inda aka mayar da gawarwakin sarakuna 22 a watan Afrilun 2021, maza 18 mata 4. Ɗakin a ƙasa yake, haske kaɗan, ba a yarda a ɗauki hoto ba. Ka tsaya a kan Ramsis na Biyu ka ga sauran gashi a kansa, ga hanci, ga farce, mutumin da ya yi mulki shekara 66 yana kwance cikin gilashi yara 'yan makaranta suna leƙa shi. Wallahi ba wanda na ji ya yi dariya a wurin. Aya ta 92 ta Suratu Yunus, mai maganar tsirar da gawar Fir'auna don ya zama izina, ita ce ta yi ta zuwa min, ko shi ne ko ba shi ba ne.

Malam na Lab: Wannan da sauƙi. Amma har yanzu zuciyata ba ta kwanta da biyan kuɗi don kallon gawa ba.

Ɗan Katsina: To ga wanda ba gawa. Daga wannan gidan tarihi zuwa masallacin Amru bin Asi ba nisa, shi ne masallacin farko a Masar, tun wajen 642. Ka hau metro, jirgin ƙasa na cikin gari, layi na ɗaya ka sauka a Mar Girgis. Azhar an fara salla a cikinsa a 972, kuma har ɓangare aka ware wa ɗaliban Barno a ciki. Imam Suyuɗi, wanda ya rubuta wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha, a garin nan ya rasu a 1505. Ibnul Ƙasim, almajirin Imam Malik, a maƙabartar Ƙarafa yake. Kakanninmu wata da watanni suke yi a hanya kafin su iso nan. Mu an sauke mu a ƙofa kyauta, sai mu koma ba mu san komai ba sai hanyar asibiti da shagon mai koshari, abincin nan nasu na shinkafa da taliya?

Baba Injiniya: Ka iya magana, ɗana. Amma kakannin da ka ambata karatu ya kawo su, ba su aika hoto gida ba. Kun san wa ke ganin abin da kuke sawa a Facebook? Abokan aikinku da ba a zaɓa ba, da wanda zai sa hannu a turo rukuni na gaba. Ba ya ganin awa takwas da kuka yi a tsaye. Raƙumi yake gani. Gobe a ce horon nan yawon shan iska ne, a soke shi, ƙannenku su rasa.

Likita Ƙarami: Wannan kam gaskiya ce mai ɗaci.

Anti Nas: Ashe da hoto kake faɗa, Baba, ba da fita ba.

Baba Injiniya: Da duka biyun. Hoton ne dai ya fi ƙona min rai.

Na Maraɗi: Ni na goge nawa tun ɗazu, amma ba don Baba ba. Uwargida ce ta tambayi inda na samu kuɗin raƙumi alhali na ce mata guzuri bai isa ba.

Ɗan Katsina: Juma'a mai zuwa a Azhar za mu yi salla. A fito da wuri, wajen yana cika. Malam, kana ciki?

Malam na Lab: Azhar ina ciki. Fustat ku je ku kaɗai.

Anti Nas: Mata mu haɗu a tashar metro, taragon mata za mu shiga. Baba fa?

Baba Injiniya: Akwai masallaci a bayan masauki, 'yata. Kowa dai ya tabbata ƙarfe takwas na safiyar Lahadi ta same shi a bakin aiki, don zan duba.