Musayar Waƙa: Shin Ɗaukar Sauti da Kwamfuta Ta Gyara Kiɗa?

Baba Mai Kaset:

Da sunan Allah zan buɗe wannan zance,
Ya tsare harshena daga ragi da ƙarawa.

A zamanin faifai da na kaset mai zare,
Mawaƙi da jama'arsa a ɗaki guda suke taruwa.

Shata in ya ɗaga murya kalangu na biye da shi,
Makaɗi na matse shi a hammata, sauti na hawa da saukowa.

Domin kalangu magana yake yi da Hausa,
Yana bin karin kowace kalma, mai saurare na ganewa.

'Yan amshi idonsu na kan bakin ubangidansu,
In ya ja baiti su dakata, in ya dire su zo da karɓawa.

Yau kuwa yaro ɗaya ke zaune gaban fiyano,
Ya danna kiɗan da aka riga aka tsara, yana ta maimaitawa.

Mawaƙi ya zo gobe ya ɗora muryarsa a kai,
Mai amshi ta zo jibi, ba su haɗu ba balle gaisawa.

Kiɗan da ba ya jiran numfashin mai waƙa,
Ina jin tsabtar sautinsa, amma zuciyata ba ta motsawa.

Ɗan Sutudiyo:

Baba, ranka ya daɗe, na rusuna na gaishe ka,
Ka yi mini izini in faɗi nawa ɓangaren gaskiya.

Kaset in an kwafe shi daga wani zuwa wani,
Kowane kwafi na ƙara hayaniya, yana rage ƙarfin murya.

Zafi na lalata zaren, rikoda na tauna shi,
Waƙoƙi nawa suka salwanta saboda rashin kyakkyawar ajiya?

Sauti in ya koma lambobi, kwafi na dubu daidai yake da na fari,
Tun fitowar faifan CD a 1982 jama'a suka hau wannan hanya.

Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015,
Amma kalangu da kuntiginsu na nan yau a cikin waya.

A da sai wanda gidan rediyo ko kamfanin faifai ya zaɓa,
Sauran su tsufa su rasu ba a adana muryarsu ba a duniya.

Yau budurwa a Damagaram ko saurayi a zangon Kumasi,
Da kwamfuta da makirfo ɗaya za su rera a ji su har Saudiyya.

Yaya Mai Sauraro:

Ƙanena, a batun ajiya na yarda da kai ɗari bisa ɗari,
Sai dai tambayar kyau aka yi, kuma ba ka amsa ta ba.

Auto-Tune ya fito a 1997, aikinsa daidaita muryar da ta kauce,
Mu kuwa mun murɗa shi har ƙarshe, ba mu bar wa maƙogwaro komai ba.

In na kunna waƙoƙin fim goma a jere,
Ba zan iya ce maka wannan wane ne, waccan wance ce ba.

Marigayiya Barmani Choge in ta buɗe baki a kan kiɗan ƙwarya,
Ko daga bayan katanga ne, babu macen da ba ta shaida ta ba.

Ga shi kuma ana matse sauti don ya yi ƙara a lasifikar waya,
Farko da ƙarshe ƙarfinsu ɗaya, ba a bar wurin sassautawa ba.

Ɗan Sutudiyo:

Yaya, abin da kika ji haka yake, amma tushensa aljihu ne,
Gayyato makaɗa shida da sallamarsu abu ne mai wuya.

Masu tura waƙa a memori su ke karɓar kuɗin jama'a,
Mawaƙi da mai sutudiyo su koma gida da gajiya.

Kwamfutar da ke ɗaukar murya gunduwa-gunduwa,
Tana iya ɗaukar mutum goma tare, in an jera makirfo an shirya.

Baba Mai Kaset:

To ɗana, tunda ka ce na'urarka za ta iya,
Akwai dattawa biyu masu kalangu a unguwarmu, zan je gayyatowa.

'Ya'yansu duk sun kama wata sana'a, babu magaji,
Hannunsu ya fara rawa, lokaci kuma yana ƙurewa.

Sharaɗina kada ka sa musu abin ƙidayar bugu a kunne,
Su bi mawaƙi, shi ma ya bi su, ba yanka ba liƙawa.

In murya ta ɗan karye a tsakiyar baiti ka bar ta,
Haka ta fito daga ƙirjinsa, haka nake son saurarawa.

Ɗan Sutudiyo:

Na karɓi sharaɗin, Baba, ban da alfarma ɗaya da nake roƙo,
Mu ɗauka sau biyu, ku zaɓi wadda ta fi, da kai da Yaya.

Ku taho ranar Asabar bayan sallar la'asar,
Kuɗin mota da man janareta duka na ɗauke su a wuya.