Wa ya taɓa karɓar kaya daga ƙasar waje ta gidan waya?

Mai buɗe zance: Salam jama'a. Na yi odar murfin waya daga Sin, kuɗin aikowa bai kai na katin waya ba, ya yi sati biyar kafin a kira ni in je in ɗauka. Abin da ya ɗaure min kai, wa ya biya mutanen nan namu da suka sauke shi suka ajiye min? Ni dai ban ba su kuɗin dako ba.

Tsohon ma'aikacin gidan waya: Ɗana, ƙasar da ta aiko ita ke biyan ƙasar da ta raba, shekara da shekaru haka muke yi, auna buhunan ake yi a rubuta sai a yi lissafi tsakanin ƙasa da ƙasa. Ƙungiyar gidajen waya ta duniya, wato UPU, ce ta tsara, tun 1874 aka kafa ta a birnin Bern, ƙasashe 192 ne a ciki. Duba lambar bin sawun kayanka, guda 13 ce, haruffa biyu na ƙarshe CN ne ko? Namu NG, na Nijar NE. Arhar nan da ka gani ita ta sa Amurka ta yi barazanar ficewa a 2018, wai Sin na biyan kaɗan, sai da aka zauna a Janiba a 2019 aka sasanta.

Mai buɗe zance: Wallahi Baba CN ne, yanzu na duba.

Ɗan Maraɗi: Ni abin dariya ma, takardun makaranta na aika Katsina, ga ta nan kusa da mu amma aka ce wasiƙar ƙasar waje ce, na biya kuɗin ƙasar waje, kuma direban tasha da zai kai a yini ɗaya ya fi ta sauri nesa ba kusa ba. Sai dai makarantar hatimin gidan waya take so, ya zan yi.

'Yar kasuwa daga Kano: Huluna da atamfa nake aika wa yayata a Amurka, kullum in cike fom ɗin kwastan CN22 shi ke nan. Tun ƙarshen Agustan 2025 da suka cire rangwamen haraji na kayan da ba su kai dala 800 ba lissafi ya canza min gaba ɗaya. Baba don Allah ita UPU ɗin ba ta da ta cewa ne a nan?

Tsohon ma'aikacin gidan waya: Hajiya haraji na kwastan ɗin kowace ƙasa ne, mu ɗauka da kaiwa kawai muka sani.