Wai tablet da waya sun kashe kasuwar kwamfutar tebur?

Mai Zane: Salamu alaikum jama'a. Ni fa na gama yanke hukunci, kwamfutar tebur ta gama yayinta. Shekara biyu kenan ban kunna tawa ba, duk zanen da nake yi a tablet ne da alƙalaminsa, in gama in tura wa mai aiki daga inda nake zaune. Duk wanda zai sayi ta tebur yanzu asarar kuɗi kawai zai yi, wanda bai yarda ba ya kawo hujja.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ƙanina da ka ce "aikina" ka tsaya nan da ban ce uffan ba, amma ka ɗauki abin da ya yi maka ka ɗora wa duniya gaba ɗaya. Zo ka buɗe min cikakken AutoCAD, manhajar zanen gini da injuna, a tablet ɗinka mu gani, ko Revit, shi ma na zanen gini, da sai a Windows yake tashi.

Mai Zane: Yaya ai ƙarfi ba matsala ba ne yanzu. Tun 2021 Apple suka saka M1 a iPad Pro, ƙwaƙwalwa ɗaya ce da ta cikin MacBook Air fa. Final Cut Pro ma ya shigo iPad a 2023, DaVinci Resolve yana nan, mutane na editin bidiyo da su lafiya lau.

Injiniya: Na yarda ƙwaƙwalwar ɗaya ce, amma zafi fa? nan ne mutane ba sa dubawa. Tablet ba shi da fanka, jikinsa ne kawai ke fitar da zafi, to in ka ba shi aiki mai nauyi minti na farko zai yi gudu kamar me, da ya ɗau zafi sai ya rage gudun da kansa don kar ya ƙone, kai kuma kana zaune kana jira ba ka san dalili ba. Ta tebur kuwa akwati ce mai fili, fanka biyu uku na hura iska, ka bar ta tana haɗa bidiyo ko zanen gini tun dare har asuba gudunta bai sauya ba. Katin hoto, wato ɓangaren da ke sarrafa hoto da bidiyo a kwamfuta, guda ɗaya irin RTX 4090 yana jan wat 450 shi kaɗai, cajar iPad kuma wat 20 ce. Ta ina za su haɗu don Allah?

Hajiya Akanta: Ku bar ma maganar bidiyo. Ni Excel kawai, wlh na gwada a tablet wata guda cur na haƙura. Macro, wato umarnin da kake shiryawa ya riƙa maimaita maka aiki da kansa, ba ya aiki a na tablet sam, kuma rabin lissafin ƙarshen wata da shi nake yi. Ga shi ina buƙatar sikirin biyu, rasit a ɗaya, lissafi a ɗaya. Da yatsa kana son taɓa layi na 40 sai ka taɓa na 41, a lissafin kuɗi wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ɗalibi: Ranki ya daɗe amma ai ana jona kibod da maus. Samsung DeX tun 2017 yake, ka jona wayarka da babban sikirin ta koma kamar kwamfuta.

Hajiya Akanta: To ɗana in ka sayi kibod, ka sayi maus, ka sayi sikirin, ka ajiye su a tebur ka ja kujera ka zauna, me ka haɗa kenan? kwamfutar tebur ka haɗa, sai dai wadda manhajarta ba ta cika ba.

Malama: Ni dai ina bayan Mai Zane ta wani ɓangaren, kuma ina ganin ku masu manyan ayyuka kuna mantawa ku ne 'yan tsiraru. Yawancin mutane me suke yi da na'ura? saƙo, kallo, karatu, tura kuɗi, cike fom. Tun Oktoba 2016 alƙaluman StatCounter suka nuna shiga intanet ta waya da tablet ya haura na kwamfuta a duniya, kashi 51 da ɗoriya cikin ɗari. Akwai mutane birjik da waya ce kwamfutarsu ta farko kuma ba su taɓa jin sun rasa komai ba. In wuta ta ɗauke ta tebur ta mutu nan take sai in akwai UPS mai ajiye wuta, tablet kuwa zai kai ka yamma.

Injiniya: Malama wannan gaskiya ne ban musa ba. Sai dai abin da suka ƙirga buɗe shafuka ne, ba aikin da aka yi ba. Manhajar da ke cikin iPhone ɗin ma a ina aka rubuta ta? Xcode da ake rubuta ta da shi a kwamfutar Mac yake, babu shi a iPad. Steve Jobs, shugaban Apple na lokacin, da kansa a 2010, shekarar da iPad ya fito, babbar mota ya kwatanta kwamfuta da ita, wai masu buƙatarta za su ragu amma tana nan.

Mai Gyara: Bari in sa baki tunda ni ake kawo wa in sun lalace. Abin da ke min ciwo da tablet shi ne komai a manne yake, RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da na'ura ke aiki da ita, a liƙe da allon ciki, batir an sa masa gam, sai ka gasa sikirin kafin ka buɗe kuma kana buɗewa gabanka na faɗuwa kar ya tsage. Yadda ka saye shi haka za ka rabu da shi, ba ƙari. Ta tebur kuwa noti biyu ka kwance, ka ƙara RAM, ka cire tsohuwar ma'ajiyar bayanai (hard disk) ka sa mai sauri irin SSD, na'ura mai shekara takwas ta dawo tana tashi cikin sakan kaɗan. In sikirin ya mutu shi kaɗai za ka sauya. Tablet kuma ranar da kamfani ya daina turo masa sabuntawa manhajoji za su fara ƙin buɗewa ɗaya bayan ɗaya alhali lafiyarsa ƙalau.

Mai Zane: Maigida ai kwamfuta ma ba ta tsira ba, Microsoft sun daina tallafa wa Windows 10 a Oktoba 2025, tsofaffin na'urori da yawa kuma Windows 11 ba ta karɓe su ba.

Mai Gyara: Haka ne, amma ita kana iya ɗora mata Linux a madadin Windows ta ci gaba da aiki. Gwada hakan a iPad.

Mai Zane: Toh na janye kalmar asara. Amma ni dai ba zan koma zane da maus ba har abada, wanda ya saba da alƙalami a kan sikirin ya san me nake nufi.

Ɗalibi: Yanzu ni da zan iya sayen ɗaya tak, wanne zan ɗauka Yaya Injiniya?

Injiniya: Me kake karanta?

Ɗalibi: Zanen gine-gine, aji biyu.

Injiniya: Kar ka taɓa tablet tukuna. Je ka tambayi malamanku manhajojin da za ku yi aiki da su zuwa aji huɗu, ka turo min sunayensu, sai mu duba RAM da katin hoton da za su ɗauke su.