In nuna wa yara Home Alone a wannan hutun ko in haƙura?

Baban Yara, Kaduna:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini. Hutun Disamba ya tara mini yara goma sha ɗaya a gida, biyar nawa, shida na 'yan'uwa. Ƙaramarsu shekara 5, babban 12. Na yi niyyar ranar Asabar bayan isha'i in ɗauko hayar majigi, mu rataya farin zanin gado a bangon tsakar gida, in nuna musu Home Alone na farko, na 1990, fim ɗin yaron da danginsa suka yi tafiya suka manta da shi a gida, ya riƙa ɗana wa ɓarayi tarko. Ni da yayana muka fara kallonsa a kaset, kuɗin tararmu muka haɗa muka ɗauko haya. Har yau ina ganin yadda ya faɗo daga kujera don dariya lokacin da dutsen guga ya sauka a fuskar ɓarawon. Allah ya yi masa rasuwa shekara uku da suka wuce, kuma biyu daga cikin yaran nan nasa ne. So nake su ga abin da babansu ya so.

Uwargida ta ce sam. Ta ce yaron fim ɗin fitsararre ne, yana mayar wa uwarsa magana, har da fatan danginsa su ɓace. Ga shi muna da ɗan shekara 7 da duk abin da ya gani sai ya gwada. Mai majigi ya ce dubu goma sha biyar, gobe da yamma yake son amsa. Waɗanda suka taɓa nuna wa yara masu waɗannan shekarun, ya aka ƙare? Ba dukansu ke jin Turanci ba.

Ɗan Sabon Gari:
Allah ya jiƙan Yaya. Amma na biyu za ka nema, na 1992, wanda yaron ya tsinci kansa a New York. Har Trump ya fito a ciki, yana nuna masa hanya a otel ɗin Plaza. Ya fi na farko nesa ba kusa ba.

Mai Gyaran Waya:
Dubu sha biyar? Malam an ɗora maka. A Zariya dubu bakwai na karɓo da lasifika, har gida aka kawo mini.

Hajiyar Kubwa:
Wace shekara ke nan? Watan jiya dubu ashirin da biyar na biya, ba lasifika, ba allo, kuma sai da na ajiye katin shaida.

Mai Gyaran Waya:
Hajiya ku a Abuja ko ruwan leda kuɗinsa daban ne. Ni da zai ji tawa ma ya ƙara kuɗi ya sayi ƙaramin majigi nasa, da dubu arba'in zai samu.

Abu Sumayya:
Kada ka saya. Irinsa na sayo dubu sittin, in dai akwai farin wata ba ka ganin komai a bango.

Malamar Firamare:
Ni na taɓa nunawa, 'yan aji uku da huɗu, ranar rufe makaranta. Maganar Turanci kada ta dame ka, rabin ƙarshen fim ɗin ba ya bukatar fassara. Amma da aka dawo hutu, sati bai cika ba wasu yara biyu suka ɗora gwangwanin madara cike da yashi a saman ƙofar aji. Wata yarinya ya faɗa wa, sai da aka yi mata ɗinki a goshi. A fim ana sakar wa mutum gwangwanin fenti a fuska, a ƙona masa kai, ya taka ƙusa da tafin ƙafa, ya kama mariƙin ƙofa da ya yi ja don zafi, ya miƙe ya ci gaba da tafiya. Ɗan shekara 7 bai san cewa ɗaya daga cikin waɗannan ya isa kai mutum kushewa ba. A Amurka ma matakin PG aka ba shi, wato iyaye su duba tukuna. Uwargidanka ta san ɗanta.

Ɗan Sabon Gari:
Malama yaranmu ina za su samu ƙanƙarar zubawa a matakala? Sai dai su malala miyar kuɓewa a ƙofar ɗakin Hajiya.

Baiwar Allah:
Ni ba na iya kallon fim ɗin nan, kuma ba don tarkon ba. Abin da ya faru da yaron ya faru da ni, ina shekara 8 kamar shi.

Mahaifiyata ta fita daga gidan tun ina ƙarama, a hannun matar babana na tashi. Aka tashi tafiya biki ƙauye, motoci biyu, tun asuba. Daren ranar an yi mini duka kan na fasa kwanon tangaran, na je ɗakin ajiya bayan buhunan masara na kwanta ina kuka har barci ya ɗauke ni. Da na farka rana ta fito, gida tsit, an datse ƙofar zaure da kwaɗo ta waje. 'Yan wannan mota sun ɗauka ina waccan, in ji su.

Kwana biyu na yi. Garin kwaki na samu a roba, na riƙa jiƙawa da ruwan randa, ba sukari. Lokacin hunturu ne, da dare iska na buga kwanon rufi, na shige cikin buhu har wuya. Na buga ƙofa har hannuna ya kumbura, gidanmu ne na ƙarshe a layin. Wata tsohuwa mai tallar ƙuli ce ta ji ni ta kira mutane aka fasa kwaɗon.

Abin da ya fi ci mini rai, tun ranar farko da yamma suka gane ba na nan. Aka ce ai maƙwabta za su ji ta, a bari a gama biki. Shekaru bayan haka a ɗakin kwanan makaranta aka sa fim ɗin, kowa na dariya. Da aka zo inda uwar take filin jirgi tana roƙon mutane su sayar mata da kujera, tana miƙa agogonta da 'yan kunnenta, daga baya ta shiga bayan motar makaɗa don dai ta isa gida, sai na tashi na fita. Daga Faris ta juyo. Nawa tafiyar awa biyu ce.

Malam, ka ce akwai marayu a yaran. Ka san abin da ke ransu kafin ka nuna musu yaron da ya farka bai ga kowa nasa ba.

Hajiyar Kubwa:
Innalillahi. 'Yar'uwa kin sa ni hawaye. Allah ya saka miki. Matar uban tana raye?

Abu Sumayya:
Uban fa? Kullum matar uba ake kamawa. Shi mai gidan da ya zauna ya ci tuwon biki kwana biyu ai shi ne babban mai laifi.

Baiwar Allah:
Dukansu sun rasu, na kuma yafe. Yafiya daban, mantuwa daban.

Saurayin Jos:
Allah ya ba ki lada Anti, amma da girmamawa, ciwonki ne kike gani, ba fim ɗin ba. Mu duk Disamba muna kallonsa, ba wanda ya lalace. Uwar marayun tana raye, kuma fim ɗin da dawowar uwa ya ƙare.

Malamar Firamare:
Ɗana, ka yi aure? Ka taɓa kwana da yaro mai firgita cikin barci? Mai tambaya cewa ya yi waɗanda suka nuna wa yara.

Saurayin Jos:
Ƙannena huɗu ni nake riƙe da su tun rasuwar babanmu, Malama. Ba sai da aure ake sanin yaro ba.

Abu Sumayya:
Ni abin da ba wanda ya taɓo, fim ɗin Kirsimeti ne, har da shiga coci da waƙoƙi. A tambayi malamai mana.

'Yar Wusasa:
Malam, ni Kirista ce, bari in faɗa maka abin da ke wurin. Yaron ya haɗu da tsohon maƙwabcinsu da yara ke tsoro. Tsohon ya gaya masa sun yi shekaru ba sa magana da ɗansa, shi ya sa yake zuwa ya hangi jikarsa tana waƙa daga nesa. Yaron ya ce masa ya daure ya kira ɗan nasa. Maganar zumunci ce daga farko har ƙarshe. In ba ka so yaranka su gani, hakkinka ne, amma a wurina nan ne zuciyar fim ɗin. Bayan mun kalla ne babana ya je Kafanchan wurin ƙaninsa da suka yi shekara tara suna gaba.

Mazaunin Shikago:
Gidan da aka ɗauki fim ɗin yana Winnetka, arewa da mu kaɗan, duk Disamba mutane na tsayawa ɗaukar hoto a gabansa. Dala miliyan 18 aka kashe, ya kawo sama da miliyan 470, kuma a 2023 Laburaren Majalisar Amurka ya sa shi cikin finafinan da ake adanawa. Duk da haka a nan ma kai ya rabu. A wurin aikina akwai wanda sai ya kalla yake jin shekara ta ƙare, akwai matar da ta ce azabtar da mutane ne aka lulluɓe da kiɗan John Williams. Nawa yaran sun kalla, ƙaramin ya yi sati ba ya yarda a rufe masa ƙofa.

Mai Gyaran Waya:
Na ƙasar waje ya zo da lissafin dala, mu dubu sha biyar muke wa ciniki. Kuma ba wanda ya sa kuɗin mai. Minti 103 ne fim ɗin, in aka ɗauke wuta sai janareta.

Hajiyar Kubwa:
Ni tun ɗazu lissafin yara sha ɗaya nake. Marayu a gefe, wannan wajibi ne. Sauran huɗun, iyayensu sun haɗo su da ko mudun shinkafa? Ko uwargida wannan ne a ranta, fim ɗin aka fake da shi? Ita ke tsaye a murhu sau uku a rana.

Maman Biyu:
Hajiya kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Bara yara bakwai aka sauke mini ranar da aka ba da hutu, ko waya ba a yi ba. Ɗaya ya zo da zazzaɓi, ni na kai asibiti, ni na biya. Da suka koma ƙanwar mijina ta kira tana tambayar me ya sa ɗanta ya rame.

Abu Sumayya:
To a daina zumunci ke nan? Mu ma a gidajen kawunnai muka yi hutu.

Maman Biyu:
Lokacin da kuka yi, buhun masara ake haɗo ku da shi, Malam.

Baban Yara, Kaduna:
Na gode jama'a. Baiwar Allah, maganarki ta hana ni barci, ban taɓa kallon abin ta nan ba. Hajiya, uwargida ba ta taɓa ƙorafin girki ba, amma gaskiya ni ma ban taɓa tambayarta ba. Mai majigi ya sake kira, ya ce wani na nema. Har yanzu ba wanda ya gaya mini ko in tsallake wurin tarkon, ko in fara zama da marayun tukuna.

Maman Biyu:
Kuma wallahi bana ma sun kira, wai tara za su turo, har da mai shan nono da aka yaye shekaranjiya. Hajiya ke ya kike ce musu a'a ba tare da an kai ƙararki wurin surukai ba?