Tambaya ga likitoci: jijiyar wuyan Baba ta tsuke

Salamu alaikum. Kwanan baya bakin mahaifinmu ya karkace, hannunsa na dama ya mutu, kofin shayi ya suɓuce masa, can kuma ya dawo daidai. Hoto ya nuna jijiyar wuyansa ta hagu mai kai jini ƙwaƙwalwa ta tsuke da kashi 70 cikin ɗari.

Likita ya ce ko a tsaga wuyan a kankare kitsen da ya tsuke jijiyar, ko a bi ta jijiyar cinya a zura ragar ƙarfe har wuyan don ta buɗe jijiyar, kuma kada a wuce mako biyu. Yayana ya kafe sai a ƙasar waje, inda na'urar robot ke zura ragar. Ni dai jiran biza nake tsoro.

Don Allah, robot ɗin yana rage haɗarin shanyewar jiki, ko likita kawai yake karewa daga illar hasken na'urar ɗaukar hoto da ake amfani da ita yayin aikin? Asfirin zai riƙe Baba kafin nan?