Albashina ba ya kai ni tsakiyar wata, ta ina zan ɓullo wa mai makaranta?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Kano, albashina naira 35,000. Kuɗin adaidaita sahu na cinye kusan rabi, ragowar kuma ko awon sati biyu ba ya yi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ake ƙara wa iyaye kuɗin makaranta, mu ko sisi. Na ji an ce mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000. Shin ya shafe mu? Kuma ya zan yi maganar ba tare da na rasa aikin ba?

Tsohon ɗan ƙwadago:
Wa'alaikumus salam malama. Shugaba Tinubu ya sa wa dokar hannu a Yulin 2024, aka tashi daga 30,000 na 2019 zuwa 70,000, kuma ta hau kan masu zaman kansu ma. Sai dai ga inda gizo ke saƙa: wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, an cire shi. Don haka ki fara ƙirga ku nawa ne, har da maigadi da masu shara. Shi 71,000 da Gwamna Abba ya amince da shi na ma'aikatan jiha ne. In kun kai 25 aka ƙi biya, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya, akwai Kotun Ma'aikata a nan Kano.

Wata malama:
Ƙanwata, kada ki je ke kaɗai, sallamarki za a yi gobe a ɗauki wata. Mu haɗuwa muka yi muka rubuta takarda ɗaya, kowa ya sa hannu. Muka lissafa kuɗin mota, kwanon masara, haya da magani, muka kai wa mai makaranta takardar a farkon zango, lokacin da iyaye ke biya. Ba mu sami 70,000 ba, amma an yi ƙari, an kuma sauƙaƙa wa 'ya'yanmu kuɗin makaranta.

Mai ƙaramar makaranta:
Wallahi mu ma muna ji a jikinmu, iyaye da yawa bashi suke ci. Amma a tsaya da malami gaban allo tun safe kan 35,000, akwai hakki. Ku nemi zama, ku sa shugaban ƙungiyar iyaye da malamai a tsakani, ku ce a ware muku kaso daga duk ƙarin da za a yi.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri. Na ƙirga, mu 31 ne. Yaya, don Allah turo min tsarin takardar taku.